Tafin 'Yan Kallo Ba Ya Tura Keke

A cikin watan Afrilu na shekarar 2024 aka fara nuna wani fim a gidajen silima na ƙasar Amurka, bayan da ya zagaya bukukuwan nunin fina-finai a shekarar da ta gabace ta. Sunansa Hard Miles, watau tafiya mai wuya. Ba fim ɗin harbe-harbe ba ne, babu kuma irin jarumin nan da kan tarwatsa mutum ɗari shi kaɗai. Labari ne na wani malami da samari huɗu daga gidan horon kangararrun yara, waɗanda suka hau kekuna daga kusa da birnin Denver a Jihar Kolorado, suka doshi babban kwazazzabon nan na Jihar Arizona da a ke kira Grand Canyon. Tsawon tafiyar mil 762 ne, kimanin kilomita 1,226 ke nan, ya ɗara nisan da ke tsakanin Legas da Kano. Fim ɗin yana da daɗin kallo ƙwarai, amma ga mai son sanin halin ɗan Adam, 'yan kallonsa sun fi shi abin lura. Gama abin da mutum kan yi sa'ad da ya ga kangararren yaro a jikin farin allo, da abin da ya kan yi in ya tarar da shi tsaye a ƙofar gidansa, ba safai su kan yi kama da juna ba.

Malamin nan sunansa Greg Townsend, kuma ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Mutum ne da ya shafe shekaru masu yawa yana aiki da yaran da hukuma ta tsare a wata makaranta mai suna Ridge View, a garin Watkins da ke gabas da Denver, yana fita da su dogayen tafiye-tafiye a kan keke. Matthew Modine ne ya fito a matsayinsa, R.J. Daniel Hanna kuma ya ba da umarni. A cikin fim ɗin Greg yana koyar da walda, saboda haka yaran da hannunsu suka haɗa gangar jikin kekunan da za su hau, wani mai shagon kekuna ya taimaka da sauran kaya. Kowane yaro da irin nasa ciwon. Wannan 'yan daban unguwarsu na jiran ya komo, wancan ba ya iya riƙe fushinsa, ɗaya yana fama da larurar ƙin cin abinci, na huɗun kuwa ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa kurkuku ce makomarsa, har da farko ya ƙi taɓa keken. Wata ma'aikaciya mai suna Haddie ita ke tuƙa motar da ke biye da su da ruwa da abinci, ita ce kuma ke taka wa Greg birki in ya matsa wa yaran fiye da kima. Shi kansa Greg ɗin ba lafiyayye ba ne a zuci, domin mahaifinsa da ya rene shi da duka yana kwance a gadon mutuwa, saƙo kuma yana ta bin sa a hanya cewa ya zo su gana.

Wannan shi ne labarin a taƙaice. To, da aka kunna fitilu, jama'a sai suka kasu kashi-kashi, kowa ya fito da abin da zuciyarsa ta shiga da shi.

Kashi na farko, waɗanda su ne mafi yawa a kowane fim irin wannan, su ne masu share ƙwalla. Iyaye ne da kakanni da malaman makaranta, waɗanda kan fito suna cewa lalle babu yaron da ya lalace har abada, suna yi wa 'yan'uwa da abokai nasiha su je su gani. Kada kowa ya raina hawayen nan, na gaskiya ne. Da wuya a sami zuri'ar da babu irin wannan yaro a cikinta, wanda in an ambaci sunansa a taron dangi sai kowa ya sunkuyar da kai. Amma ya kamata a tambaya, me ya sa yaron allo ya ke samun tausayin da na gida ba ya samu? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai shirya fim ya kan nuna laifin yaro, sa'an nan ya kama hannun ɗan kallo ya kai shi bayan laifin, ya nuna masa uwar da ta tafi, da uban da ba ya nan, da daren da yaron ya kwana da tsoro. A kan titi kuwa laifin kaɗai a ke gani. Bugu da ƙari, yaron allo ba ya iya sace wa ɗan kallo waya, ba ya iya zagin sa a gaban baƙi, ba ya kuma buga masa ƙofa da tsakar dare. Kafin sa'a biyu ta cika ya shiryu, an tashi. Tausayin da ba a biya masa komai ba sai kuɗin tikiti, kowa ma yana da ƙarfinsa.

Kashi na biyu su ne mahayan keke, waɗanda ke da yawa a Amurka, musamman ma a Kolorado inda hawan duwatsu da keke ya zama ruwan dare. Su da wani ido su ke kallo. Sun san cewa birnin Denver kansa yana bisa tudu mai tsawon mil guda daga bakin teku, kimanin mita 1,600, kuma duk mai son fita daga can zuwa Arizona sai ya ratsa manyan duwatsun Rocky, inda hanyoyi kan haura mita 3,000, iska ta yi ƙaranci, numfashi ya riƙa sarƙewa. In an sauko kuma sai busasshiyar ƙasa da rana mai ƙuna. Sun san raɗaɗin sirdi a kwana na uku, da yadda cinya kan ɗaure a tsakiyar hawa. Abin da ya fi faranta musu rai shi ne yadda fim ɗin ya nuna dabarar tafiya a jere. Mahayi in yana gudu, yawancin ƙarfinsa wajen keta iska ya ke tafiya. Wanda ya manne a bayan wani, tayarsa ta gaba tana kusan taɓa tayar bayan ɗan'uwansa, ya kan sami sauƙin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Saboda haka sai a riƙa karɓa-karɓa: na gaba ya sha iska na ɗan lokaci, ya kauce ya koma baya ya huta, na biye da shi ya karɓa. Amma fa abin ba ya yiwuwa sai da amana. In na gaba ya taka birki ba zato, ko ya ga rami ya ƙi nunawa, duk jerin zai zube. Yaron da bai taɓa amincewa da kowa ba tun da ya yi wayo, ga shi an ce ya ɗora lafiyarsa a bayan wanda suka yi dambe da shi jiya. Mahayi ya san wannan darasi a jikinsa, shi ya sa ya ke gyaɗa kai a inda sauran 'yan kallo ba su ga komai ba sai yara a kan titi.

Sai dai mahayan nan suna da ƙorafi, kuma ƙorafin nasu ya fi yabonsu amfani. Wanda bai saba ba, ba ya wayar gari ya yi mil 762. Kafin a kai ga haka sai an yi makonni da watanni ana fita da sassafe, ana faɗuwa ana tashi, ana faci, ana gyaran sarƙa, yaro yana zuciya yana jefar da keke, malami yana ɗaukowa yana miƙa masa. Fim ba shi da lokacin wannan. Sai ya dunƙule shi cikin 'yan mintoci, a sa kiɗa mai daɗi, a nuna gumi kaɗan, shi ke nan an ƙware. Ashe wurin da aikin gaskiya ya ke, nan ne daidai inda almakashin mai tace hoto ya fi ci.

Kashi na uku su ne masu sharhin fina-finai a jaridu. Da yawansu sun yaba wa 'yan wasan, sun yaba kyan ƙasar da aka nuna, sa'an nan suka ce hanyar da labarin ya bi tsohuwa ce, an sha bin ta. Gaskiyarsu kuwa. Amurkawa sun daɗe suna son labarin malami mai taurin kai da almajirai masu taurin kai, a yi faɗa, a watse, a shirya, a ci nasara. Tun a 1979 aka yi fim ɗin Breaking Away a kan samari huɗu 'ya'yan talakawa da tseren keke, har ya ci lambar Oscar ta rubutun labari. Shi kansa Modine yana saurayi ya fito a Vision Quest a 1985, a matsayin ɗalibi ɗan kokawa mai neman abin da kowa ya ce ya fi ƙarfinsa. Amma maimaici kaɗai ba aibi ba ne. Yaran da ke zaune gaban kaka da dare sun san yadda Gizo zai ƙare, ba ya hana su cewa a sake. Inda aibin ya ke shi ne wurin da irin wannan labari ya saba tsayawa. Yana tsayawa a bakin kwazazzabo, rana tana faɗuwa, kowa yana murna. Ba ya bin yaran cikin motar da za ta mai da su inda suka fito, ba ya nuna ranar da za a sallami yaro ya koma unguwar da ta haife masa matsalar, da takardar laifi a bayansa, ba aiki, ba keke, ba Greg. Ɗan kallo ya tafi gida da zaton an gama, alhali kuwa a ranar ne a ke fara jarrabawa.

Akwai kashi na huɗu, waɗanda muryarsu ba ta cika tashi a zauren silima ba. Su ne waɗanda suka san irin gidajen nan daga ciki, ko dai sun yi aiki a can, ko kuwa an taɓa kulle su. Irin wannan mutum in ya ga babba yana tura yaro cikin zafin hamada yana ce masa ya daure, zuciyarsa biyu ta ke yi, domin ya san daga horo zuwa azaba taki ɗaya ne. Tarihi kuwa yana bayansa. A shekarar 2007 ofishin binciken ayyukan gwamnati na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da rahoto a kan sansanonin gyaran hali da a ke kai matasa, na jeji da masu horo irin na soja, ya kawo labarin cin zali da na yaran da suka mutu a hannun masu kula da su, wasu saboda ƙishirwa da zafin rana. A 2020 shahararriyar nan Paris Hilton ta fito ta faɗi abin da ta ce an yi mata tana yarinya a wata makaranta irin wannan a Jihar Yuta, ta yi ta kai-komo a majalisa, har a watan Disamba na 2024 aka sa hannu a kan dokar tarayya ta sa ido a kan irin waɗannan wurare. Ita kanta Ridge View, wadda fim ɗin ya nuna tana fargabar rufewa, hukumar Jihar Kolorado ta kwashe yaran cikinta ta rufe ta a shekarar 2021, bayan koke-koken da suka taru game da yadda a ke tafiyar da ita. Watau sa'ad da jama'a ke tafi a gidajen silima, makarantar da su ke yi wa tafin ta kusa shekara uku a rufe. Rufe gida ba hukunci ba ne a kan kowane ma'aikacin da ya yi aiki cikinsa da zuciya ɗaya. Amma yana tuna wa mai kallo cewa mutumin kirki guda, komai ƙoƙarinsa, ba ya zama shaida ga gida duka.

Mai karatu zai iya cewa, to, mene ne abin damuwa? Fim ne, an kalla an ji daɗi, wa aka cuta? Amsar tana cikin wani abu da ya faru a Amurkan nan dai. A shekarar 1978 aka yi wani fim na gaskiya mai suna Scared Straight, aka ɗauki wasu yara masu ƙananan laifuffuka aka kai su kurkukun Rahway a Jihar New Jersey, aka zaunar da su gaban fursunoni masu ɗaurin rai da rai. Fursunonin suka yi ta yi musu tsawa da zagi, suna kwatanta musu abin da ke jiran su in suka shigo. Yara suka fito jiki na rawa. Jama'a suka ce madalla, an sami magani. Fim ya ci lambar Oscar, jihohi da dama suka kwaikwayi shirin, har ya ƙetare teku. Sai wani malamin Jami'ar Rutgers mai suna James Finckenauer ya bi sawun yaran da aka kai kurkukun, ya gwada su da waɗanda ba a kai ba, ya buga sakamakon a 1982. Abin da ya samu ya girgiza mutane: waɗanda aka tsorata ɗin sun fi sauran komawa ga laifi. Binciken da aka yi ta yi daga baya a wurare dabam-dabam ya ƙarfafa wannan magana. Duk da haka shirin bai mutu nan da nan ba, domin abin da ido ya gani a allo ya fi lissafin malaman jami'a shiga rai. Yara nawa aka jefa cikin wannan hanya saboda 'yan kallo sun gamsu? Daga nan a ke gane cewa ra'ayin ɗan kallo ba ya tsayawa a zauren silima. Shi ne mai jefa ƙuri'a, shi ne uba, wani lokaci ma shi ne alƙali.

Ba a ce Hard Miles irin wancan ba ne. Hasali ma kishiyarsa ne, domin wancan ya dogara ga tsoro, wannan kuwa ga amana. Amma haɗarin da ke tattare da kallonsu iri ɗaya ne, watau mutum ya ɗauka akwai wani abu guda mai ban mamaki da za a yi wa yaro sau ɗaya ya shiryu. Jiya kurkuku ne na yini guda, yau keke ne da hamada. Wanda ya fita da wannan fahimta zai ce a sayo kekuna, a shirya gagarumar tafiya, a kira 'yan jarida, a ɗauki hoto a wurin isowa. Za a yi, a watse, bayan wata shida a tarar da kekunan a jingine tayoyi sun sace.

To, in ba keken ba ne, mene ne? A nan ma akwai abin da bincike ya nuna. Amurkawa suna da wata tsohuwar ƙungiya mai suna Big Brothers Big Sisters, wadda ke haɗa yaro mai rauni da wani babba da zai zame masa kamar wa ko ya, su riƙa ganawa a kai a kai. Binciken da aka buga a 1995 ya nuna yaran da aka haɗa da irin waɗannan manya sun fi takwarorinsu kauce wa fara shan ƙwaya da gudun makaranta. Sa'an nan a 2002 wasu malamai mata biyu, Jean Grossman da Jean Rhodes, suka sake duba alƙaluman ta fuskar daɗewar zumuncin. Suka tarar yaran da babban ya riƙe su shekara guda ko fiye su suka fi amfana. Waɗanda kuwa aka yasar kafin wata uku, sai suka koma baya, ganin darajar kansu ya ragu fiye da yadda ya ke tun farko. Dalili a fili ya ke. Yaron da manya suka saba yi wa alkawari su ɓace, in wani ya zo da fara'a ya sake ɓacewa, an tabbatar masa ke nan da abin da ya daɗe yana zargi, cewa shi ba abin tsayawa ba ne.

Da wannan ido in aka sake kallon fim ɗin, sai a ga abin da tafi ya rufe. Abin da ya fi mil 762 nauyi shi ne mutumin da aka zaga jiya, yau da asuba ya sake buga ƙofa ya ce a fito. Yaran sun gwada shi ta kowace hanya don su ga ranar da zai gaji, kamar yadda na gabansa suka gaji. Kuma fim ɗin ya yi adalci da bai mai da shi waliyyi ba. Mutum ne da aka rena da duka, muryar mahaifinsa tana fitowa daga bakinsa in ransa ya ɓaci, sai abokiyar aikinsa ta tsaya masa a gaba ta tuna masa cewa waɗannan yara ne, ba sojoji ba. Da babu mai taka masa birki, da babu motar ruwa a baya, da tafiyar nan tana iya zama ɗaya daga cikin labaran da rahoton 2007 ya tattara. Haƙuri mai tsawo, da sana'a a hannu, da wani na biyu mai ikon cewa ya isa, su ne suka riƙe tafiyar. Ba ɗayansu da ke sa a miƙe tsaye a yi tafi.

Amurka dai ta rage yawan yaran da ta ke tsarewa ƙwarai. A shekarar 2000 sun haura 100,000 a rana guda, zuwa 2022 kuwa ba su kai 30,000 ba, ko da ya ke har a lokacin yaro baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar shiga da ninki huɗu ko fiye. Wannan ragi bai zo ta hanyar silima ba. Ya zo ne ta raguwar laifuffukan yara, da sauya dokoki, da gane cewa kulle yaro a babban gida mai ɗaruruwan gadaje ba safai ya ke mai da shi mutumin kirki ba.

Mai karatu a ƙasar nan ba baƙo ba ne ga wannan magana, ko da bai taɓa jin sunan Kolorado ba. Akwai gidajen horon matasa na gwamnati da a ke kira Bosta, waɗanda aka fi sani su ne na Kakuri a Kaduna, da na Ilori, da na Abekuta. Daga Ingila aka gaji tsarin har da sunan, su kuwa Ingilishin sun soke nasu tun 1982. Da ya ke gidajen hukuma ba su isa ba, iyaye da yawa kuma ba su san hanyarsu ba, sai suka koma ga masu zaman kansu. Kowa ya tuna watan Satumba na 2019, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna suka fito da mutum wajen 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Ba a jima ba aka buɗe wani a Daura. Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne, yawancinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi. Ba ƙiyayya ce ta sa su ba. Gajiya ce, da kunyar maƙwabta, da wannan zato dai na cewa akwai wani wuri da za a kai yaro a yi masa abu guda a dawo da shi sabo. Uban da ya kai ɗansa can, in aka zaunar da shi gaban Hard Miles, lalle zai yi hawaye kamar kowa.

Alhali kuwa abin da Greg ya yi da walda da keke, ƙasar Hausa ta san shi tun kafin a ƙera majigi. Yaro in ya gagari gida, a kan kai shi wurin maƙeri ko baduku ko mai gyaran keke a gindin bishiya, a ce ga ɗanka nan. Ya fara da miƙa sifana da hura taya, ya kai ga faci, ya kai ga ɗaure sarƙa da miƙe ƙafar Rali da ta lanƙwashe. Ubangida ya ci da shi, ya san ranar da bai zo ba ya aika a nemo shi, bayan shekaru ya yaye shi da kayan aiki, wani ma har ya tsaya masa wajen aure. Ba a ce babu zalunci a wannan hanya ba, akwai iyayen gidan da bulala ce kaɗai karatunsu, akwai masu mai da yaro bawa. Amma inda ta yi kyau, sirrinta ɗaya ne da na malamin Kolorado: shekaru, da sana'a, da babba wanda ba ya ɓacewa. Har yau ana samun irinsu a garejin makanikai da rumfunan masu walda da na masu gyaran waya, suna riƙe da yaran da makaranta ta kora, ba wanda ya san sunansu balle ya yi fim a kansu.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, sun kuma ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Karin magana na biyun an fi son sa, domin yana ba da izinin matsawa. Amma duk wanda ya taɓa tanƙwara ɗanyen icce ya san ba da ƙarfi ɗaya a ke yi ba. A kan lanƙwasa kaɗan a ɗaure, a bar shi ya kwana, gobe a ƙara. Mai gaggawa karya shi ya ke yi.

Saboda haka wanda ya sami hanyar kallon wannan fim ya kalla, yanzu ma ya shiga gidaje ta intanet. In ƙwalla ta zo masa kada ya ji kunya. Amma in ya kashe na'ura, ya zauna ya lissafa yaran layinsu da a ke rufe ƙofa in an hango su, ya zaɓi guda ɗaya wanda ya san sunan uwarsa da na ubansa. Kada ya yi masa alkawarin komai a ranar farko. Ya tambayi kansa tukuna ko yana da ƙarfin shekara guda, da zagin da zai sha a wata na biyu, da ranar da yaron zai ɗauke masa abu ya ɓace, sa'an nan ya komo ya tsaya a ƙofa yana kallon ƙasa. In ya ga ba zai iya ba, to, ya nemi mai garejin da ke riƙe da yara goma a bakin titi, ya tambaye shi abin da ya ke bukata.